Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Tara Kalmomin Turanci Domin Jarrabawar Shiga Jami'a

Kowace shekara, sa'ad da sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito, mukan yi baƙi iri biyu a ofishin malamai. Akwai masu shigowa da fara'a, tun daga bakin ƙofa mun san labarinsu. Akwai kuma masu zuwa jiki a sanyaye, sau da yawa tare da mahaifi ko mahaifiya, suna so su ji abin da ya faru, gama yaron nan ba rago ba ne, kowa ya san shi da ƙoƙari. Idan muka zauna da irin waɗannan ɗalibai muka bi abin a hankali, maganar da muka fi ji ita ce, "Malam, na san amsar, tambayar ce ban gane ba." In kuwa aka ƙara tonawa, sai a tarar ba dukan tambayar ba ce ta gagara. Kalma ɗaya ce tak a cikinta. Ɗalibin da ya san aikin gona ciki da waje, idan aka tambaye shi abin da yake "detrimental" ga ƙasar noma, shi kuwa yana zaton kalmar tana nufin mai amfani, to, taki zai zaɓa maimakon zaizayar ƙasa. Iliminsa na noma bai cece shi ba.

Domin wannan ne muka ga ya kamata a bana mu yi magana a kan kalmomi.

Bari mu fara da ita kanta jarrabawar. An kafa hukumar JAMB a shekara ta 1978 domin ta shirya jarrabawar shiga jami'o'in Nijeriya. A 2010 aka haɗe jarrabawar jami'a da ta kwalejojin fasaha da na horon malamai ta zama guda ɗaya, watau UTME, daga 2015 kuma kowa a kan kwamfuta yake rubuta ta. Ɗalibi yakan ɗauki fanni huɗu. Uku shi ne yake zaɓa bisa ga abin da yake so ya karanta, amma na huɗun, watau Turanci, dole ne ga kowa, ko likita yake so ya zama ko lauya. Tambayoyin Turanci 60 ne, sauran fannonin 40 kowanne, jimla 180 ke nan, a cikin awa biyu. Ku yi lissafi da kanku: daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Babu lokacin tsayawa ana kokawa da kalma. Cikakken maki 400 ne, kuma bisa ga alƙaluman da hukumar ta fara fitarwa a 2025, cikin ɗalibai wajen miliyan 1.95 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Ba mu ce ƙarancin kalmomi ne kaɗai ya jawo haka ba. Amma ku tuna, in ban da takardun harsuna irin su Hausa da Faransanci, sauran fannonin da Turanci ake tambayarsu. Haka nan kuma jarrabawar fita ta WAEC da ta NECO, inda in babu kiredit a Turanci, ƙofar jami'a a rufe take komai yawan makin da mutum ya samu.

Yadda ake yin tambayar ma abin lura ne. Ba a cewa ɗalibi ya faɗi ma'anar kalma ita kaɗai a tsaye. Akan sa ta cikin jimla, a ce ya zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana, ko kuwa kishiyarta. Akwai labarin da ake cire wa kalmomi a ce a cike gurbi, akwai jimlar da za a ce a faɗi abin da take nufi, akwai kuma sashen furuci. Ga misali namu na aji. Kowa ya san "blunt" ita ce wuƙar da ta dakushe. Amma idan aka ce maganar shugaban makaranta ta kasance "blunt", ana nufin ya faɗi abin da ke ransa ba tare da sakayawa ba. Idan aka nemi kishiya, lalle za a ajiye "sharp" a cikin zaɓin domin masu gaggawa, alhali amsar ita ce "tactful". Wanda ya haddace ma'ana ɗaya ya tafi, shi ake kamawa da wannan tarko. A Amurka ma, inda jarrabawar SAT ta daɗe da yin suna wajen tambayar kalmomi masu wuya waɗanda ba a cika ji ba, an sake mata tsari a 2016, aka koma ga gwada ko ɗalibi ya gane abin da kalma take nufi a wurin da ta zauna.

Kalmomi nawa ne za su isa?

Wannan tambaya masana sun daɗe suna bincikenta. Wani Bature mai suna Michael West, wanda ya yi aikin ilimi a yankin Bengal lokacin da Ingila take mulkin Indiya, ya fitar da jerin kalmomi wajen 2,000 a 1953, waɗanda su ne suka fi yawan fitowa a Turanci. Wanda ya san su zai gane wajen kashi 80 cikin 100 na kalmomin da ke shafin littafi. Da jin haka sai mutum ya ce ai an gama. Ba a gama ba. A shafi mai kalma 300, kashi 20 ɗin da suka rage kalma 60 ne, kuma galibi su ne masu ɗauke da nauyin maganar. Paul Nation, malami a jami'ar Victoria ta Welinton a ƙasar Niyu Zilan, ya nuna a 2006 cewa kafin mutum ya karanta jarida ko littafin labari ba tare da taimako ba, yana bukatar sanin kashi 98 cikin 100 na kalmomin, watau baƙi shida kacal a shafi irin wancan. Wannan kuwa yana bukatar gidajen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Abin da ake nufi da gida shi ne kalma da 'ya'yanta: "educate", "education", "educational" da "uneducated" duk gida ɗaya ne.

Tsakanin dubu biyu da dubu takwas akwai tafiya. Amma akwai wani zango a hanya da ya fi sauran riba. A shekara ta 2000 wata malama a wannan jami'a, Averil Coxhead, ta bi littattafan karatu na fannoni dabam-dabam ta tsamo gidajen kalmomi 570 waɗanda ba na kimiyya kaɗai ba ne, ba kuma na shari'a kaɗai ba, amma suna ko'ina a littattafan makaranta: irin su "analyse", "assume", "derive", "constitute", "significant". Su kaɗai sukan kai wajen kashi 10 cikin 100 na irin waɗannan littattafai. Su ne kuma kalmomin da ake gina tambayoyin jarrabawa da su. Jerin yana nan kyauta a intanet, kuma a ganinmu ya fi yawancin ƙananan littattafan "manyan kalmomi" da ake tallarsu a tashar mota amfani nesa ba kusa ba.

Tun da mun ambaci manyan kalmomi, bari mu ɗan ratse. A kowane aji akwai ɗalibin da yake son dogon Turanci. Ranar muhawara in ya miƙe, sai ya yi ta jefo kalmomi masu gaɓa biyar-biyar, 'yan ƙananan aji suna ta tafi da ihu, alhali ko shi kansa bai san abin da ya faɗa ba. Muna jin daɗin kallonsa, amma mu da muke duba takardunsa mun san ba ya cika yin fice. Kalmar da ba za ka sake haɗuwa da ita ba sai bayan shekara biyar, ba ita ce ta cancanci lokacinka yanzu ba.

Ga wani lissafi kuma. Ɗalibin da ya shiga aji ɗaya na babbar sakandare, in ya riƙa koyon kalma biyar kowace rana, kwana shida a mako, ya sami 30. A makonni 36 na karatu ya sami 1,080. Kafin ya gama aji uku yana da 3,240, ban da abin da zai tsinta a lokacin hutu. Wanda kuwa ya bari sai saura wata biyu, ko ya haddace ɗari a rana, yawancinsu za su zube kafin ya shiga ɗakin jarrabawa. Za mu zo ga dalilin haka.

Abin da muke da shi a hannu

Yawancin ɗalibanmu Turanci shi ne harshensu na uku. Akwai harshen gida, ko Birom ne ko Tangale ko Bura ko Angas ko wani, sa'an nan Hausa, sa'an nan Turanci. Waɗansu suna ɗaukar wannan a matsayin nauyi. Mu ba mu ganinsa haka. Yaron da ya riga ya koyi harshe biyu tun bai shiga firamare ba, ba sabon shiga ba ne a wannan aiki.

Fiye da haka ma, duk mai jin Hausa yana yawo da ɗaruruwan kalmomin Turanci a bakinsa, sun sa riga da hula ne kawai shi ya sa bai gane su ba. Sammaci "summons" ne. Kwalbati "culvert" ne, kurtu "recruit", hafsa "officer", samanja "sergeant major", garatuti "gratuity", beli "bail", alawus "allowance", kwantiragi "contract". Mun sha ganin ɗalibi ya tsaya cak a gaban "gratuity", alhali shekara biyu ke nan ana maganar garatutin kakansa a gidansu. Abin da ya rage masa shi ne ya cire wa kalmar rigar, ya koyi yadda ake rubuta ta. A nan ne aikin yake, gama rasit da muka sani yana da harafin "p" a Turanci wanda ba a furta shi. Sai dai a yi hattara, waɗansu sun canja hali bayan sun zauna a cikinmu. Kanti daga "canteen" ya fito, amma a Turanci wannan wurin cin abinci ne, ba shago ba. Minti a wurinmu kowace irin alewa ce, a wurinsu kuwa ɗanɗano ɗaya ne kawai.

Inda Hausa ta fi kayar da mu ba a nan ba ne, a ƙananan kalmomi ne na yau da kullum. Muna cewa "na ari littafi", muna kuma cewa "na ara masa littafi", saiwa ɗaya ce. Turanci ya raba su biyu, "borrow" ga mai karɓa, "lend" ga mai bayarwa. Shi ya sa "borrow me your pen" ta ƙi mutuwa a azuzuwanmu, masu shirya jarrabawa kuwa sun san da haka sarai. Kalmar "ji" ita kaɗai tana yin aikin "hear", "feel", "smell", "taste" da "understand". Muna shan ruwa, muna shan magani, muna shan wahala, muna shan iska, amma a Turanci na farkon kaɗai ake yi wa "drink". Muna kashe kuɗi, su kuwa ba su kashe shi, "spend" suke yi.

Abin da wannan yake koya mana shi ne kalmomi suna da abokan tafiya. Idan baƙo mai koyon Hausa ya ce ya sare shawara, kowa zai yi dariya, ko da yake sara da yanka 'yan'uwan juna ne. Shawara yanke ta ake yi, aure ɗaura shi ake yi, waya buga ta ake yi, babu wani dalili sai dai haka masu harshen suka saba. To, haka Turanci yake. Kuskure "make" ake yi masa ba "do" ba. Laifi "commit" ake yi. Ruwan sama mai ƙarfi "heavy" ne ba "strong" ba. Mutum yakan "comply with" doka, a "accuse" shi "of" sata, a "congratulate" shi "on" nasara. Tambayoyin cike gurbi da yawa a kan wannan suke. Saboda haka kada a taɓa rubuta kalma ita kaɗai a littafin ajiya kamar marainiya, a rubuta ta tare da waɗanda ta zo da su.

Akwai kuma Turancin da muke ji a kasuwa da rediyo, har da bakin manyan mutane. Da yawa sukan ce "severally" suna nufin sau da yawa, alhali a ƙamus tana nufin ɗaya-ɗaya, kowa daban. Ba mu raina Turancin Nijeriya ba, yana biyan bukatarsa, amma ba shi ake tambaya ba. Waɗanda suka saba da jin tsohuwar fassarar King James ta 1611 su ma su lura, gama Turanci ya yi tafiya tun daga lokacin. A can "prevent" tana nufin riga wani zuwa, "conversation" tana nufin halin zaman mutum, "suffer" kuma sau da yawa tana nufin ƙyale. A ɗakin jarrabawa ma'anar yau ake nema.

Saiwa, ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya

Wanda ya yi darasin nahawun Hausa ya san yadda muke gina kalma. Daga "rubuta" muna samun marubuci, daga "karanta" makaranta, daga "buɗe" mabuɗi. Wannan "ma" ɗin da muke liƙawa a goshi yana ba mu mai yi, ko wurin yi, ko abin yi. In muka sa "nci" a ƙeya kuma sai mu sami shugabanci da Turanci. Idan yau aka kawo mana sabuwar kalma mai wannan siffa, za mu iya cankar ma'anarta ko ba mu taɓa jinta ba. Dogayen kalmomin Turanci ma haka aka gina su, sai dai tubalan daga Latin da Girkanci aka ɗebo.

Tarihin abin yana da ban sha'awa. A shekara ta 1066 mutanen Normandi, masu magana da Faransanci, suka ci Ingila da yaƙi. Wajen shekara ɗari uku Faransanci ya zama harshen fada da kotu, Latin na makaranta da coci, Turanci kuwa na talakawa. Shi ya sa "judge", "court", "parliament" da "government" duk daga Faransanci suke. Mu bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, tun da alƙali, shari'a, hukunci, ilimi, littafi da alƙalami duk daga Larabci muka same su, ta hanyar malamai da masarauta. Sakamakon haka Turanci yakan sami kalma biyu ko uku a kan abu guda, ta gida da ta fada da ta makaranta: "ask", "question", "interrogate", ko "rise", "mount", "ascend". Tambayar kalma mafi kusa a ma'ana sau da yawa ba kome ba ce illa a ba ka ta makaranta a ce ka nemo ta gida.

Ɗauki saiwar "port", wadda take nufin ɗauka. "Porter" ɗan dako ne. "Export" ɗauka a fitar, "import" ɗauka a shigo da, "transport" ɗauka a ƙetare, "deport" ɗauke mutum a kore shi daga ƙasa, "portable" abin da yake ɗaukuwa. Saiwa ɗaya, kalma shida. 'Ya'yan manoma sun san "herbicide" da "insecticide" daga jikin kwalba, in suka gane cewa ƙeyar nan tana nufin kisa, "homicide" da "genocide" sun buɗe musu. "Bene" alheri ne, "mal" mugunta, don haka "benevolent" da "malevolent" kishiyoyi ne, "malnutrition" kuma rashin abinci mai gina jiki. Ita kanta "malaria" daga Italiyanci take, ma'anarta muguwar iska, gama mutanen da suna zaton iskar fadama ce take kawo zazzaɓin, kafin Ronald Ross ya gano a 1897 cewa ƙwayar cutar a cikin sauro take. Saiwoyi talatin ko arba'in irin waɗannan, in aka riƙe su da kyau, za su taimaka a Turanci, su kuma taimaka a kimiyyar halittu da ta ƙasa.

Amma wannan mabuɗi ba kowace ƙofa yake buɗewa ba. "In" a goshi yakan nuna korewa, amma "invaluable" abu ne mai daraja ƙwarai, "inflammable" kuma abu ne mai saurin kama wuta, wanda ya yi kuskure a nan ba maki kaɗai zai rasa ba. "Priceless" da "worthless" sun yi kama, ma'anarsu kuwa gabas da yamma. Kama da wane ba wane ba ne. A wannan layi ne "eminent" da "imminent" suke, da "principal" da "principle", da "economic" da "economical", da "stationary" da "stationery". Irin waɗannan sai a ware musu shafi nasu.

Inda ake samo su

Babu wata hanya da ta kai karatu. Kalma ba ta zama a kai da gani ɗaya, sai an yi ta haɗuwa da ita a wurare dabam-dabam, yadda ake sanin mutum. A zaɓi littafin da yake daidai ƙarfi: in baƙin kalmomi sun wuce goma a kowane shafi, a ajiye shi tukuna a nemi mai sauƙi, babu abin kunya a ciki. Littattafan Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna, irin su The Passport of Mallam Ilia na 1960 da Burning Grass na 1962, suna da sauƙin shiga domin ƙasar da mutanen duk namu ne. Haka The Stillborn na Zaynab Alkali, na 1984. Daga nan a hau zuwa sharhin editan jarida, inda kalmomin siyasa da tattalin arziki suke. Hukumar JAMB kanta takan sa littafin labari guda wanda ake yin tambayoyi a kansa, tana canja shi bayan 'yan shekaru. A 2021 The Life Changer ne, a 2025 kuma The Lekki Headmaster. Muna roƙo a karanta littafin kansa. Masu dogara ga taƙaitawar shafi huɗu suna cutar kansu sau biyu, gama sun rasa labarin sun kuma rasa kalmomin.

Sa'ad da ake karatu, kada a tsaya a kowace baƙuwar kalma. A ja mata layi da fensir, a canki ma'anarta daga abin da ke kewaye da ita, a wuce. In an kai ƙarshen babi sai a buɗe ƙamus a ga ko an canka daidai. Wannan cankar ba ɓata lokaci ba ce, ita ce ainihin abin da za a yi a ɗakin jarrabawa inda babu ƙamus.

Ita wannan kalma ta ƙamus, asalinta teku take nufi. Wani malami mai suna Firuzabadi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 15, ya sa wa babban littafinsa na kalmomin Larabci suna Al-Ƙamus, littafin ya yi suna har sunan ya bi duk irinsa. Teku kuwa ba a shanye shi, ɗiba ake yi. Mun taɓa yin ɗalibin da ya ɗaura niyyar haddace ƙamus daga farko, ya yi zango guda bai fita daga harafin A ba. Wanda muke ba da shawara a saya shi ne Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda A. S. Hornby ya fara shiryawa bayan ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan, kamfanin Oxford ya buga shi a 1948. An yi shi ne musamman domin waɗanda Turanci ba harshensu ba ne, yana ba da jimlolin misali, da abokan tafiyar kalma, da gaɓar da ake danna wa murya. Ƙamus na Turanci zuwa Hausa, kamar na Neil Skinner na 1965 ko na Roxana Ma Newman na 1990, yana da amfani wajen tabbatar da ma'ana, amma ɗan babbar sakandare kada ya tsaya a kansa kaɗai.

Maganin mantuwa

A 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace gaɓoɓi marasa ma'ana yana auna yadda suke ɓace masa. Ya tarar mafi yawan mantuwa a sa'o'in farko da rana ta farko take faruwa, sa'an nan ta rage gudu, kuma duk lokacin da aka sake bi, abin yakan ƙara daɗewa. Wannan shi ne dalilin da ya sa haddar dare ɗaya ba ta kai mutum ko'ina.

Wani ɗan jaridar Jamus, Sebastian Leitner, ya mai da wannan ilimi dabara mai sauƙi a 1972. Ga yadda muke yinta a nan. A yanka tsohon kwali ƙanana-ƙanana. A gefe ɗaya a rubuta kalmar cikin jimlar da aka same ta, a bayansa ma'anarta da kishiyarta. A sami kwalin sukari uku. Na farko ana duba shi kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku ranar Asabar. Katin da aka tuna ya ci gaba zuwa kwali na gaba, wanda aka manta ya koma na farko komai nisan da ya yi. Sharaɗin shi ne a yi ƙoƙarin tunawa kafin a juya katin, gama wannan ɗan wahalar ita ce take kafa kalmar. Minti goma sha biyar kafin karatun dare ya isa. Akwai manhajojin waya irin su Anki masu yin wannan aiki, masu waya a gida suna iya amfani da su lokacin hutu, amma kwalin sukari ba ya neman caji.

Bayan haka sai amfani. Kalmar da aka koya a wannan mako a sa ta a wasiƙa ko a rubutun aji, a faɗe ta da baki a ƙungiyar muhawara, a bar malami ya gyara. A nan ne mu Hausawa da masu jin Hausa za mu ɗan sha fama da "p" da "f", har "pull" da "full" su rabu a kunne da baki, gama sashen furuci yana jiranmu.

Ga iyaye da 'yan ikilisiya muna da roƙo. Ba sai kun iya Turanci za ku taimaka ba. Ƙamus ɗaya zai yi wa yara huɗu aiki a gida ɗaya har su gama. Tsohuwar jarida, kafin a kai wa mai ƙosai, a bar yaro ya karanta. Waɗanda 'ya'yansu suka gama makaranta, littattafan labarin da suke kwance a akwati, laburarenmu yana bukatarsu. Kada kuma a hana yaro harshen gida da sunan gyara Turancinsa. Ba mu taɓa ganin hakan ya ƙara wa kowa maki ba, ɗalibanmu da suka fi iya bayyana ma'anar kalma sau da yawa su ne masu iya juya ta cikin harshe biyu ko uku.

'Yan aji uku masu zuwa, ku da lokaci ya ƙure muku, ku fara da tsofaffin takardun tambaya na shekara goma. Kada ku haddace amsa. Kowace tambaya tana da zaɓi huɗu, ku nemi ma'anar dukansu, har da ukun da ba daidai ba, gama wadda ta zo a matsayin tarko bana tana iya zama amsa baɗi. Ku kuma saba da karanta umarni kafin ku danna, tun da sashen kalma mafi kusa da na kishiya a jere suke zuwa, ɗalibai da yawa sukan ƙetare daga wannan zuwa wancan ba su lura ba. Sauran azuzuwa kuwa, ranar da aka dawo hutu malaman Turanci za su nemi ganin littafin labari guda da kowa ya karanta, da kati hamsin a cikin kwali.